Hotunan da Hannu Ya Motsa

Duk wanda ya yi gini a unguwar nan cikin shekara talatin da suka wuce, in dai ba mai son araha ba ne, Baba Testa ne ya ja masa waya. Sunan ya samo shi ne daga testar da ke maƙale a bayan kunnensa na dama, 'yar sukudirebar nan mai ƙwan fitila a ciki da ake taɓa waya da ita a ga ko akwai wuta. Da ita yake cin abinci, da ita yake zuwa gaisuwar rashi. Matarsa ta ce ranar da aka haifi 'yarsu ta fari ma da ita ya shiga asibiti, har ungozoma ta tambaye shi ko wani abu ne ya lalace a ɗakin.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai son a yi abu daidai har ya gunduri mutane. Dokarsa ta farko ita ce waya a cikin bango ko dai ta miƙe tsaye ko ta kwanta sosai, babu karkacewa. Wanda ya ja waya a karkace don ya rage tsawonta, a wurin Baba Testa tarko ya ɗana, domin wata rana wata baiwar Allah za ta zo kafa ƙusar labule ba ta san abin da ke kwance ƙarƙashin filasta ba. Ya faɗi wannan maganar sau nawa, Allah kaɗai ya sani. Maginan unguwar har ƙarasa masa ita suke yi.

Doka ta biyu ta zo ne shekara goma sha huɗu da suka wuce, lokacin da waya mai kyamara ta shigo hannunsa. Ba a shafa filasta sai ya ɗauki hoton bango tsirararsa, kowane bututu da kowane akwati a fili. Birkiloli sun sha zaginsa a zuci, siminti na bushe musu a kwano shi kuwa yana ja da baya yana neman haske. Yana da yadda yake ɗauka. Sai ya ɗora tafin hagu a bangon kusa da bututu, ya ware babban yatsa da na tsakiya su ba da taƙi guda, ya ɗauka da dama. Taƙin nan shi ne ma'auninsa. Bayan shekara bakwai in ka kira shi ka ce za ka huda bango don na'urar sanyaya ɗaki, zai duba ya ce maka daga bakin taga ka ƙirga taƙi uku ka bar wurin, ka huda gaba.

Haka hotuna suka taru har dubu arba'in da ɗaya, daga wannan waya a kwashe a zuba a waccan, kuma da ƙyar za ka tsinci fuskar mutum a ciki. Matarsa takan ce ita dai ta auri mai waya biyu, ta bango da ta aljihu, ta aljihun ma in ka buɗe bango ne a cikinta. Ta ce ranar da ta mutu sai dai a nuna wa jikoki bulo a ce ga kakarku. Shi bai ga abin dariya a nan ba. Abin da ya dame shi shi ne nema, domin hotunan ba su da suna sai lamba, kuma kira ɗaya kan cinye masa yini yana murza yatsa a fuskar waya yana neman bangon wani.

Sai dai akwai abin da Baba Testa bai gaya wa kowa ba, har matar da suke kwana ɗaki ɗaya. Hannunsa na dama ya fara rawa. Da fari babban yatsa ne kawai in ya gaji, sai ya ce yunwa ce. Daga baya abin ya hau wuyan hannu. Ya koyi dabaru, kuma mai ɓoye abu ya fi ɗan makaranta saurin koyo. Shayi ya koma rabin kofi. In ana hira sai ya cusa hannun a aljihu ko ya zauna a kai. Wurin aiki ya daina barin mai gida ya tsaya a kansa, wai kallo na raba masa hankali. In zai ɗaure noti sai ya tallafi dama da hagu, ya riƙe numfashi, ya jira rawar ta lafa kamar mai jiran mota ta wuce ya tsallaka titi. Da hotuna suka fara fitowa biji-biji ya ɗora wa kyamara laifi, ya sauya waya har sau biyu yana zagin masu ƙera ta a bainar jama'a. Sati uku da suka wuce bakin testa ya zame masa a cikin wani akwatin fis na lantarki, wuta ta yi tartsatsi ta bar baƙin tabo a ƙarfen. Ya fi minti goma zaune a kan bulo kafin ya koma kan aikin.

Ciwon yana ba shi tsoro, amma bai kai tsoron ranar da 'yarsa ta fari za ta sani ba. Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa gare ta, ita kuma ta karɓi sunan da gaske. Tana da shagon buga takardu da ɗaukar kwafi kusa da wata makaranta, kuma yadda take juya shagon haka take juya gidan ubanta daga nesa. Da likita ya ce sukarinsa ya ɗan hau, ba ta yi masa faɗa ba. Wurin mai shayin bakin titi ta je ta yi magana da shi minti biyu, tun daga ranar ko rantsuwa Baba Testa ya yi ba ya samun ko ƙwayar sukari. Da ya faɗi da babur ya gurje gwiwa, washegari ya nemi mukulli ya rasa, bayan sati babur ɗin ma ya bi mukullin. Ba mugunta ba ce, ya sani, so ne, amma irin son da ke zuwa da kwaɗo. In ta ji hannun na rawa tsani zai tafi, jakar kayan aiki za ta tafi, testa za ta sauka daga kunne. Za a sayo masa kujera mai laushi a ajiye a baranda ya zauna yana amsa gaisuwar mutanen da ya haskaka wa gidaje. Shekararsa hamsin da tara. In ya tuna kujerar nan har numfashi yake yi masa wuya.

Ana haka sai wani injiniya ya neme shi kan aikin bene hawa uku, irin aikin da mutum ke nuna wa jikokinsa in an wuce a mota. Injiniyan ya ce ya ji labarin hotunan, yana so ya ga aikin gida goma a jere, kowane gida daga mita har ɗakin ƙarshe, kuma ranar Litinin yake so. Baba Testa ya yi kwana biyu yana murza waya bai haɗa ko gida ɗaya ba. Matarsa ce ta kai ƙara wurin Uwata, kamar kullum.

Uwata ta zo da yamma da jaririyarta a kafaɗa, ta karɓi wayar ba ta ko zauna ba. Ta sa masa wata manhaja mai mataimaki a ciki, irin wanda ake kira ƙirƙirarriyar basira, ta ce yana jin Hausa, yana ganin abin da ke cikin hoto, ya yi masa magana kawai kamar mutum. Ta kuma haɗa ma'ajiyar hotunan da tata wayar, wai ko tasa ta faɗa ruwa wata rana. Baba Testa ya saurari muryar da ta fito tana gaishe shi, ya ce ashe akawu ta ɗauko masa. Sunan ya zauna.

Ranar farko rigima suka yi. Akawu ya duba ya ce fiye da rabin hotunan kusan iri ɗaya ne, bangon bulo da hannu, ko a rage su? Baba Testa ya zaunar da shi, in ana iya zaunar da abin da ba shi da mazaunai, ya yi masa karatu. Bango da bango ba ɗaya ba ne. Ya duba inda bututu ya bi, ya duba taga, ya duba yawan akwatuna. Akawu bai yi musu ba, ya ba da haƙuri ya sake lale, kuma wannan kaɗai ya sa ya fi duk wanda Baba Testa ya taɓa aiki da shi. Zuwa rana ta uku ya raba hotunan gida-gida bisa wuri da kwanan wata, kowane gida ɗaki-ɗaki. Inda ya rikice sai ya tambaya, Baba Testa na baranda yana amsawa da ƙarfi, wannan gidan mai kanti ne, wancan na malamar asibiti ne, a'a, wannan kicin ne ba banɗaki ba. Har ya tambaye shi ko hannu mai tabo a gindin yatsa da ke cikin hotuna dubu talatin da tara nasa ne. Baba Testa ya ji daɗin tambayar fiye da yadda ya nuna. Rabon da ya yi barci mai kyau irin na ranar har ya manta.

Safiyar Asabar yana zaune a bakin gado, matarsa na guga a tsakar ɗaki. Ta riga ta yi ƙorafin surutun Akawu ya ishe ta, don haka ya kashe muryar ya sa tabarau yana karantawa. Gidaje goman injiniya sun kammala. Ƙarƙashinsu sai ga wani rubutu.

"Saura hotuna dubu uku da ɗari biyu da na ware saboda sun yi dishi-dishi. Na sa wa jakar suna Hotunan da Hannu Ya Motsa. Kusan dukkansu na shekara biyu da wata huɗun nan ne, kuma suna ƙaruwa wata bayan wata. Da wayoyi uku daban-daban aka ɗauke su, don haka da wuya laifin kyamara ne. In hannunka ne ke rawa, yana da kyau likita ya duba shi. Me kake so a yi da su?"

Ya karanta sau biyu. Abin da ya ɓoye wa matarsa, ya ɓoye wa magina, ya ɓoye wa kansa ma a wasu ranakun, ga shi akawun da ya zo kwana uku da suka wuce ya jera shi da kwanan wata. Ya ɗaga ido. Matar na can tana fesa wa riga ruwa. Ba halin ya yi magana ta ji, dole ya rubuta, rubutu kuwa yanzu azaba ne a gare shi, yatsa ya nufi wannan harafi ya sauka a kan maƙwabcinsa. Sai ya zaɓi kalma mafi gajarta da ta zo masa, ya lallaɓa ya danna haruffa biyar: share.

Kowane mai jin Hausa ya san share, aikin tsintsiya ne, a kawar a huta. Amma haruffan nan biyar in an jera su haka a Turanci rabawa suke nufi, a aika wa wani, kuma wayar duk Turanci ne a jikinta. A yi wa Akawu adalci, bai yi gaban kansa ba. Ya tambaya, gogewa ake nufi ko turawa, ya fito da madanni biyu kafaɗa da kafaɗa, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. Daidai nan matar ta ajiye dutsen guga ta nufo shi tana tambayar me yake karantawa haka ya yi tsuru-tsuru. Ya kai yatsa da sauri wajen gogewa. Yatsan ya yi abin da ya saba.

Rubutu ya fito ƙarami a ƙasa, an tura wa Uwata, wadda ma'ajiyar ke haɗe da wayarta.

Ya ce wa matar ba komai, injiniya ne, ya fita bayan gida kusa da tankin ruwa ya kunna muryar ƙasa-ƙasa. Ya roƙi Akawu ya dawo da saƙon, roƙo sosai, irin wanda bai taɓa yi wa ɗan adam ba. Akawu ya ce saƙon ya riga ya sauka a wayarta tare da sunan jakar da bayanin da ya rubuta, shi kuma ba shi da ikon shiga wayar wani. Abin da zai iya faɗa kawai shi ne ba ta buɗe ba tukuna. Baba Testa ya ce masa munafuki. Akawu ya ba da haƙuri, ya ƙara da cewa maganar likita dai tana nan. Ya kashe shi.

Ya san 'yarsa. Lokacin cike takardun jarrabawa ne, shagon cike yake tun safe, wayarta kuwa ba ta taɓa ta sai wajen azahar in jama'a sun ragu. Ya duba agogo, goma saura. Ya ɗauki jakar kayan aiki don a ga kamar da dalili, ya fita ba karyawa.

Motar haya ta tsaya ko'ina, har inda ba kowa. A kowace tsayawa sai ya zaro waya ya duba alamar, ba a buɗe ba, ya mayar, kafin a kai kwana ya sake zarowa. Matar da ke gefensa ta tambaye shi ko mara lafiya gare shi a asibiti. Hannun kuwa, da yake hankali a tashe yake, ya samu sake yana ta kaɗawa a kan jaka har filaya da sukudireba na ƙara a ciki, sai da ya danne shi da gwiwar hagu. A ransa yana ta tsara yadda zai yi. Zai ce tasa wayar ta ƙi kira, ta ara masa tata. Zai ce yana son ganin hoton jikarsa. Duk ƙaryar da ya ɗinka sai ya ga ɗinkin a fili, domin yarinyar nan tun tana shekara shida take gane shi in ya ce allura ba zafi.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai tsawo. Gaba kantar gilashi da ɗalibai sun yi mata zobe kowa na ɗaga takarda, baya kuma injin kwafi da injin manna leda da kwalayen farar takarda jere har kusan rufi. Bai ma buɗe baki ba ta hango shi, ta ce Allah ne ya kawo shi, kwana biyu ke nan soket ɗin baya na ƙaurin roba, in ta taɓa filogin har ƙuna yake yi, tana ta so ta kira shi aiki ya hana. Ya ce ta kashe babban makunni. Injin kwafi ya yi shiru, ɗalibai suka yi gunaguni, bayan shagon ya yi duhu. Ta ciro wayarta daga aljihun tebur, ta buɗe ta, ta kunna fitilar ta miƙa masa ya haska, ta koma gaba tana ba mutane haƙuri.

Haka kawai, ba ƙarya ko ɗaya, wayar ta zo hannunsa a buɗe. Ya tsuguna bayan kwalaye. Jikarsa na nan kwance a 'yar katifarta a ƙasa, wata takwas, tana barci da hannu a baki. Saƙon na sama, ba a taɓa shi ba. Ya gwada da dama, yatsa ya yi tsalle ya buɗe wani abu dabam. Ya jingina wayar a kan kwali ya yi da hagu a hankali, ya danne saƙon, hoton kwandon shara ya fito, ya taɓa shi. Wayar ta tambaya ko a goge. Saura taɓawa ɗaya.

Ƙaurin ne ya hana shi. Shekara talatin hancinsa na bin wannan warin, kuma fitilar, yadda ya jingina wayar, ta faɗa daidai kan soket ɗin, ya ga gefensa ya yi ruwan ƙasa. Ya ce bari ya leƙa tukuna, saƙo ba gudu zai yi ba. Ya tallafi dama da hagu ya kwance murfin.

Ciki ya yi baƙi ƙirin, robar ta narke ta dunƙule. Ya taɓa jar wayar da bakin testa, sai ta zame ta fito daga ramin notinta ba ko gardama. Ba a ɗaure notin ba. An fara, an tsaya a rabi. Ya so ƙwarai ya ce wani ne ya taɓa, amma ga salatif nan an naɗe an lanƙwashe wutsiyarsa ciki, kuma duk garin mutum ɗaya ne ke naɗi haka. Shi ya sa soket ɗin da kansa sati biyu kafin Uwata ta haihu, da ta sayi injin manna leda. Ya tuna ranar sarai, ya tuna ya murɗa har ya ji kamar ya kama.

Bai yi niyya ba, hannun hagu ne ya yi abin da ya saba. Daga soket zuwa kwalin takarda taƙi ɗaya. Daga soket zuwa katifar yarinya taƙi huɗu.

Ya daɗe a tsugune. Tsoron da ya taso da shi tun safe ya nemi wuri ya rasa, wani ya zo ya zauna a madadinsa, wanda ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Ya ɗauki wayar ya taɓa a'a.

"Uwata, sallami mutanen nan ki zo."

Ta leƙo za ta yi magana, ta ga fuskarsa, ta juya ta sallame su ta ja ƙofa rabi.

"Akwai saƙo daga wurina a wayarki," ya ce. "Tun safe nake neman yadda zan goge shi. Buɗe ki karanta."

A tsaye ta karanta. Ta shiga jakar tana turawa sama, bango bayan bango, na farko-farko da ɗan dama-dama, na baya-bayan nan kamar an kalle su ta cikin hawaye. Shi kuwa ya zaro hannun daga aljihu ya ɗora a kan kwali ya ƙyale shi. Rabonsa da ya bar shi ya yi rawarsa a gaban wani, bai taɓa ba ma. Ledar kwalin ta riƙa ƙara a ƙarƙashinsa, ita kaɗai ake ji a shagon.

Ya jira umarni. Ya jira ta ce ina jakar, ina tsanin, gobe asibiti ƙarfe takwas. Ba ta ce ko ɗaya ba.

"Shekara biyu da wata huɗu, Baba," ta ce. "Ni kuwa da na ga kana shan rabin kofi, na ɗauka don na hana sukari ne shayin ya fita ranka. Har cewa na yi ko in bari a riƙa sa maka kaɗan."

Da faɗa ta yi masa da ya fi masa sauƙi. Ya karkata fitilar ya nuna mata cikin soket ɗin, ya ce aikinsa ne, bai ɗaure ba, ya ɗauka ya ɗaure. Ta kalli baƙin, ta kalli kwalayen, sannan ta sunkuya ta ɗauke yarinyar daga katifa ta rungume. Bai ga laifinta ba.

Ya zaro tasa wayar ya kunna Akawu da murya, ba ƙasa-ƙasa ba wannan karon, ya tambaye shi gida nawa ne a cikin jakar nan. Akawu ya ce sittin da uku, har da wannan shagon. Baba Testa ya rufe ido. Gidan malamar asibiti na ciki, da ɗakin karatun yara na bayan kasuwa, da gidan tsohon da ba ya iya tashi sai an ɗaga shi.

"Kada ka taɓa ko ɗaya," ya ce wa Akawu. "Jera min su, wanda ya fi dishi-dishi a sama." Ya juyo wurinta. "Duk sai an koma an buɗe, soket-soket. Ni zan je in faɗa musu da bakina. Injiniyan ma zan kira shi."

"Da wane hannun za a buɗe, Baba?"

"Ban sani ba tukuna. Na yau dai naki ne."

Ya cire testar daga bayan kunne ya miƙa mata, ya karɓi yarinyar a hannun hagu, wanda ya amince da shi. Tun tana firamare take riƙe masa fitila, ta san sunan komai ko da ba ta taɓa murɗawa ba. Ya sa ta gwada ta tabbatar ba wuta duk da an kashe makunni. Ya sa ta ciro sabon soket daga jaka, ta yanke inda ya ƙone, ta fere bakin wayar, ta cusa. Ta murɗa noti ya ce ƙara. Ta murɗa ya ce ƙara. Sannan ya ce ta ja wayar da ƙarfi ta ji ko za ta fito. Ba ta fito ba. Tana yi tana share ido da kafaɗa, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.

Ta ɗauko murfi za ta rufe, ya ce ta tsaya, ba a rufewa sai an ɗauka. Ya ɗaga wayarsa kamar yadda ya yi sau dubu arba'in da ɗaya, ya kalle ta tana kaɗawa, ya miƙa mata. Hagu na riƙe da jika, don haka daman ya ɗora a bango ya ware taƙi kusa da akwatin.

Ta ɗauka, suka duba tare. Bangon ya fito tar, har ana ganin zaren noti da lanƙwasar wayar. Hannun ne kaɗai ya yi biji-biji a tsakiyar hoton. Ta ce bari ta sake, ya danne shi sosai wannan karon.

"Bar shi," ya ce. "Haka yake."

Ta rufe soket ɗin ta je ta kunna makunni, injin kwafi ya farka yana gurnani. Da ta dawo testar na hannunta, ta tsaya tana jujjuya ta ba ta san inda za ta ajiye ba. Bai ce ta ba shi ba, ya gyara wa yarinyar kwanciya a kafaɗarsa.